Filin Masu Sana'a: Kafin Ka Sayi Injin Walda na MIG

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan abu guda suka zo: injin waldar nan mai tura waya da kansa, wanda ake kira MIG, da ake gani yanzu a shagunan kayan aiki na Adum da Suame Magazin, unguwar makanikai, a Kumasi ta ƙasar Gana. Ga wanda bai san shi ba, maimakon sandar walda da ake canzawa kowane minti, shi waya ce siririya a nannaɗe cikin injin. Kana danna kunamar bindiga, wato abin waldar da kake riƙewa a hannu, waya na fitowa tana narkewa, gas kuma yana lulluɓe wurin don kada iska ta ɓata narkakken ƙarfen. Ga tambayoyin da amsoshinmu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon walda a Aboabo, ina yin get, ƙarfen taga da kantenar masu tireda. Injin sanda nake amfani da shi, amma bututun yanzu ba kauri, da na ɗora sanda sai ya huje. Na ga wani MIG ƙarami, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, an rubuta 300 a jikinsa, kuɗinsa kuma da sauƙi. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarar komawa MIG ta yi daidai da aikinka. Bututu mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 yana wahalar da sanda ko da siririya ce mai geji 12, shi kuwa MIG da waya mai kaurin milimita 0.8 nan ne gidansa. Ba ɓawon da za ka ƙwanƙwasa, gurza ma kaɗan ce, saboda haka get ɗin da ke cin maka yini zai ragu sosai.

Sai dai 300 ɗin nan kada ya ruɗe ka. Sau da yawa sunan samfuri ne kawai aka rubuta da fenti. Gaskiyar injin tana kan ɗan allon da ke bayansa ko ƙarƙashinsa, kuma lissafin ba shi da wuya. Injin MIG da zai ba da amfiya 300 na gaske yana aiki a wajen 29V, wato wat 8,700 ke nan a bakin bindiga, ba a ma ƙidaya abin da ke ɓacewa a zafi ba. To duba inda aka rubuta I1max a allon, wannan shi ne iyakar abin da injin ke ja daga layin wuta. In ka ga 20A, ninka shi da 230V na wutarmu, za ka sami wat 4,600. Injin da ya ci 4,600 ba zai fitar da 8,700 ba. Irin wannan inji ƙarfinsa na gaske bai wuce 130 zuwa 150 ba. Wannan ba ya nufin ba shi da amfani, amma ka biya kuɗin 140, kada ka biya na 300.

Nawa kake buƙata? Masu sana'a na ƙiyasta amfiya 40 ga kowane milimita na kaurin baƙin ƙarfe. Bututun 1.5 na son wajen 60, ƙarfen kwana na milimita 3 na son 120, falan ƙarfe na milimita 5 na son 180 zuwa 200. Get da taga da kantena duk suna ƙasa da milimita 4, in ban da maƙalan ƙofa da gindin ginshiƙi. Inji mai 180 ko 200 na gaske ya ishe ka har da rara.

Abu na biyu a allon shi ne layin da aka sa wa harafin X, inda za ka ga 30%, 60% da 100%, kowanne da amfiyarsa a ƙasa. Ma'anarsa, cikin kowane minti 10, minti nawa injin zai yi yana walda kafin ya nemi hutu. In an rubuta 200A a ƙarƙashin 30%, minti 3 ne aiki, 7 hutu. Ka mai da hankali kan lambar da ke ƙarƙashin 60%, ita ce za ta nuna maka yadda zai yi a shago. In ta kai 130 zuwa 150, ya yi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60974-1 tana auna wannan a zafin digiri 40, wasu kamfanoni kuwa a 20 ko 25 suke aunawa don lambar ta yi kyau. Ƙarƙashin rumfar kwano a watan Maris a Kumasi, wannan bambanci za ka gan shi da idonka, lokacin da jar fitilar zafi ta kama kana tsakiyar aiki.

Kuma kada ka sayar da injin sandarka. Duk abin da ya haura milimita 6, ko aikin da za a je yi a saman bene cikin iska, sanda ta fi aminci. In ka sami MIG mai ramin sanda a gaba, wanda aka rubuta masa MMA, ya fi.

Tambaya: Ni a Asawase nake, shagona na jikin gida, mita ɗaya muke sha. Da yamma wuta kan yi rauni har fanka ta riƙa jan jiki. MIG zai yi aiki a haka? In dumso ta zo, wato aka ɗauke wuta, janareta mai ƙarfin nawa zai ɗauke shi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ya kamata kowa ya fara da ita kafin ya je kasuwa. Soket ɗin bango mai ƙafa uku 13A yake ɗauka, wato wajen wat 3,000. Da shi za ka yi walda har zuwa amfiya 110 ko 120, wanda ya ishi bututu da ƙaramin ƙarfen kwana. In ka buɗe inji mai 200 har ƙarshe, zai ja 30A ko fiye, fis ya ƙone ko filogi ya narke. Masu cire fis su cusa guntun waya a madadinsa suna mai da wayar cikin bango ta zama fis ɗin, kuma gobara daga nan take tashi. Abin yi shi ne a ja maka layi na musamman daga akwatin rabon wuta, da bireka 32A da waya mai kaurin 4 ko 6 mm², da soket ɗin masana'anta mai shuɗin murfi. Ka nemi mai wayarin da ke da shaidar hukumar makamashi ta Gana, Energy Commission, kamar yadda dokar wayarin ta 2011 ta tanada. Tunda mita ɗaya kuke sha da gida, ka zauna da maigidan tun kafin a fara, ko ka nemi taka mitar a kamfanin wuta na ECG, don kada katin wuta ya haɗa ku rigima.

Raunin wuta ya fi damun MIG fiye da sanda. Da sanda hannunka ne ke gyara tsawon wutar, a MIG kuwa waya na fitowa da gudu ɗaya ko wuta ta yi ƙasa, sai ka ji tana tunkuɗar ƙarfen ba ta narke ba. Tsofaffin injuna masu taransifoma suna bin wutar layi, ta sauka su sauka. Na zamani marasa nauyi da ake kira inbata sun fi riƙe daidaito, musamman waɗanda aka rubuta wa PFC, don suna jure faɗuwar wuta kuma ba sa ja da yawa. Kafin ka sayi komai, ari mitar awo ka gwada soket ɗinka da ƙarfe 10 na safe da kuma 7 na yamma. In da yamma tana sauka ƙasa da 200V, ko dai ka nemi mai PFC, ko ka tattara waldarka zuwa safiya.

Doguwar wayar jona ma tana cin wuta. Kada ta gaza 2.5 mm², in ta wuce mita 20 a sa 4 mm², kuma a warware ta duka, nannaɗaɗɗiya zafi take yi.

Janareta: inji mai 200 na son 8 kVA ko sama, mai AVR, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta. Ƙananan janaretoci na 2.5 ko 3 kVA sukan yi tsalle duk lokacin da ka saki kunama, wannan tsallen ne ke kashe allon inbata. Ka tada janareta ya daidaita kafin ka kunna inji, ka kashe inji kafin ka kashe janareta.

Tambaya: Mai shago ya ce min akwai MIG da ba ya buƙatar gas. Ni a bakin titi nake aiki wajen Sawaba, gyaran aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da teburan masu abinci. Wanne ya fi mini?

Amsa: Gaskiya ya faɗa, amma da sauran bayani. Akwai waya mai hoda a cikinta, za ka ga an rubuta E71T-GS ko E71T-11 a kwalinta. Hodar ce ke ƙonewa ta kare waldar, don haka ba ruwanta da tukunyar gas, kuma iska ba ta cika damunta ba. A bakin titi wannan babban abu ne, domin MIG mai gas, ko fankar tsaye aka juya wajensa sai waldar ta cika da ramuka, balle iskar hunturu.

Ga abin da za ka biya a madadin gas ɗin. Kilo ɗaya na wannan waya ya fi na waya zalla marar hoda tsada nesa ba kusa ba. Tana hayaƙi, tana fallatsa, tana barin ɓawo kamar sanda. Kuma tana da zafi, ƙarfen da bai kai 1.5 ba tana huda shi. Ga gyaran aboboya, wanda ƙarfensa ke da ɗan kauri da datti, ta dace. Ga mai yin get goma a wata, tsadar wayar za ta cinye ribar.

Shawararmu: kada ka sayi injin da hoda kaɗai yake yi, ka sayi mai yin duka biyu. Yadda za ka gane shi, akwai bakin shigar gas a baya, kuma akwai wurin sauya igiyoyi, ko a gaba ko a cikin ɗakin waya. Waya zalla da gas tana son bindiga a kan alamar +, maƙalin at, wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake walda, a kan −. Waya mai hoda akasin haka take so, bindiga a −. Mutane da yawa sun raina waya mai hoda alhali igiyoyin ne ba su sauya ba. Rolar da ke tura waya ma daban ce: mai santsi da tsagin V ta waya zalla ce, mai haƙora ta mai hoda.

Game da gas ɗin kansa, tun da aka fito da wannan walda a Amurka a 1948 da gas mai tsada ake yin ta, don alminiyam. Sai a 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna za a iya walda baƙin ƙarfe da CO2, daga nan ta zama ta talaka. Har yau CO2 ne mafi arha, yana shiga ƙarfe sosai, sai dai yana fallatsa. Gaurayen argon 80 da CO2 20 ya fi laushi da tsabta, ya fi kuma dacewa da siririn ƙarfe, amma da tsada kuma ba ko'ina ake cika shi ba. Kafin ka ba da kuɗin inji, je ka ga mai cika gas ido da ido, ka ji ko tukunya saye ce ko haya, da kwana nawa ake jira. Injin MIG da ba gas kaya ne kawai a lungun shago.

Kilo ɗaya na CO2 yana ba da gas sama da lita 500. A lita 10 cikin minti, kusan minti 50 ke nan na wuta a kunne. CO2 ruwa ne a cikin tukunya, saboda haka agogon ragileta, wato abin daidaita fitar gas da ke kan tukunya, ba zai motsa ba sai gas ya kusa ƙarewa. A sikeli ake gane saura. In aiki ya yi tsawo ragileta kan yi ƙanƙara gas ya tsaya, shi ya sa ake sayar da mai hita a jiki. Tukunya a tsaye take zama, ɗaure da sarƙa. Kuma don Allah kada wani ya ce maka oksijin ɗin masu yankan ƙarfe ko gas ɗin girki zai maye gurbi. Wannan ba ɓata aiki kaɗai zai yi ba, rai zai ɗauka.

Tambaya: Ɗana zai gama koyon walda wajen mastansa a Magazin bayan Babbar Sallah. Ina son in saya masa inji ya fara nasa. Ƙanena ya ce in sayi na hannu daga Turai, sun fi ƙarko. Ni ban san komai a kai ba. Daga wata uwa a Tafo.

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya sa wa yaron albarka a sana'arsa. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, injunan ESAB, Kemppi, Fronius, Lincoln da Miller an san su da ƙarko. Amma na hannu yana da tarko biyu. Manyan injunan masana'antun Turai yawancinsu na layi uku ne, 400V, ba za su tashi a wutar gida ba. Ƙananan da ke zuwa daga Amurka kuwa da yawansu na 120V ne, in aka jona su a 230V sun ƙone nan take. A duba allon, a tabbata an rubuta 230V da alamar 1~ ta layi ɗaya. Sabo na Sin irin su Jasic ko Ingco, in mai shagon na ba da garanti a rubuce kuma yana da mai gyara, ya fi wa mai farawa kwanciyar hankali fiye da tsohon da ba a san tarihinsa ba.

Kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki yi masa bazata. Ki tafi da shi da mastansa, su riƙe guntayen ƙarfe, a gwada a gabanku. Su buɗe ƙofar gefe su duba abin tura waya: na ƙarfe ya fi na roba, don nan ne injuna masu arha ke fara lalacewa. Su tabbata yana ɗaukar nadin waya na kilo 5, in ya ɗauki na 15 ma ya fi, domin na kilo 1 tsada ne. Bindigar ta zama mai cirewa, mai mahaɗin da ake kira Euro, irin MB15 ko MB25, waɗanda bakinsu, inda waya ke fitowa, da nozul ɗinsu, inda gas ke fitowa, ke samuwa a kasuwa. Wadda aka ɗinke a cikin inji, ranar da ta lalace sai an sha wahala. Maɓallin ƙarfin wuta da na gudun waya su zama daban-daban, ko da injin na da tsarin saita kansa.

Ki kuma raba kuɗin tun daga gida, kada inji ya cinye duka. Akwai tukunyar gas da cikonta, ragileta, waya ER70S-6 mai 0.8, bakin bindiga kamar guda 10, hular walda mai gilashi lamba 10 zuwa 12, safar hannu ta fata, da injin gurza. Gara inji matsakaici da kayansa cikakku da babba wanda zai zauna jiran gas.

Tambaya: Ni mai gyaran bodin mota ne a Magazin. Na sayi MIG wata biyu ke nan. Waldar na fitowa da ƙananan ramuka, waya kuma na cukurkuɗewa a cikin inji. Injin ne ba kyau?

Amsa: Da wuya ya zama injin, Masta. Ramuka na nufin iska ko datti ya shiga. Fara da ƙarfen: fenti, tsatsa, mai da fila duk sai an gurje su har ƙarfe ya yi fari, aƙalla santimita 2 kowane gefe. Sanda na haƙuri da datti, MIG ba ya yi. Sai gas: lita 8 zuwa 12 a minti ya isa cikin shago. Ƙara shi zuwa 20 ba ya gyarawa, yana ma jawo iska ciki. Shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo ka ga ko yana yoyo. Cire nozul ka kankare fallatsin da ya toshe shi. Wayar da ke leƙowa daga baki kada ta wuce milimita 10, in ka ja hannu baya gas ba ya isa wurin.

Cukurkuɗewa kuwa na faruwa ne idan rola na turawa gaba kuma hanya a toshe. Bakin bindiga ya yi daidai da waya, 0.8 da 0.8, kuma a canza shi da ramin ya faɗaɗa ko ya kama. Rola fuska biyu gare ta, duba ko tsagin da ke aiki ya dace da wayarka. Igiyar bindiga ta miƙe, kada a nannaɗe ta ko a taka, kuma mita 3 ta fi mita 5 sauƙin turawa. Don gwada matsin rola, nufi katako da bindiga: a tazarar milimita 5 rola ta zame, a santimita 5 waya ta fito ta lanƙwashe. In ba ta zame ba, matsin ya yi yawa. Da damina waya na tsatsa a cikin inji, tsatsar ta taru a laina, wato siririn bututun da waya ke bi a cikin igiya. In za ka kwana biyu ba aiki, cire nadin ka ɗaure a leda, lainar kuma ka hure ta da iskar kwamfuresa duk lokacin da ka sa sabon nadi.

Bodin mota bai cika wuce 0.7 zuwa 1 ba, don haka waya 0.6 da gaurayen gas sun fi maka. Kada ka ja dogon layi. Ɗiga nan, tsallaka can, bari ya huce, ka dawo ka cike tsakani, in ba haka ba falan zai murɗe. Cire batir kafin ka fara, ka maƙala at kusa da wurin aiki, don wutar kada ta bi ta kwamfutar mota.

Tambaya: Zan iya walda alminiyam da shi?

Amsa: Za ka iya, da argon zalla, waya ER4043 ko ER5356 mai 1.0 ko 1.2, rola mai tsagin U da laina ta Teflon, ko kuma bindiga mai ɗauke da ƙaramin nadi a jikinta. Wayar na da laushi, tana saurin cukurkuɗewa, kuma abin da bai kai milimita 2 ba yana da wuya ƙwarai. In aikin sau ɗaya ne a wata, kai wa mai injin TIG, wata irin walda da ta fi dacewa da siririn alminiyam, ya fi maka arha.

Tambaya: Ma'aikacin ofis ne ni a Kwadaso, ina son in riƙa yin kejin kaji da ƴan kujeru a gida ranar Asabar. Ta ina zan fara, kuma yaya zan san waldata ta kama?

Amsa: Malam, inbata mai 140 zuwa 160 na gaske, mai yin gas da hoda, ya ishe ka, kuma zai yi aiki a soket ɗin gida muddin ba ka ƙure shi ba. Da waya 0.8 da gaurayen gas, fara daga nan: ƙarfen milimita 1.5, wajen 17V da gudun waya mita 3 zuwa 3.5 a minti. Milimita 2, 18V da mita 4.5, milimita 3, 19 zuwa 20V da mita 6. In CO2 zalla ne ƙara 1 ko 2V. Daga nan kunnenka zai ƙarasa. Saiti mai kyau ƙararsa ɗaya ce ba yankewa, kamar ƙosai a mai mai zafi. In bindiga na tunkuɗo hannunka, waya ta yi yawa. In waya na narkewa ta manne a baki, ta yi kaɗan.

Haɗarin MIG ga mai koyo shi ne yana ba da layi mai kyan gani ko da bai shiga ƙarfen ba, musamman in wuta ta yi ƙasa a kan ƙarfe mai kauri. Ido ba ya gane wannan. Haɗa guntaye biyu a siffar T, yi walda gefe ɗaya kawai, ɗaure a bais, wato maƙatar matse ƙarfe, ka buga da guduma daga gefen da ba walda, yana lanƙwasowa kan waldar, har ya karye ko ya kwanta. In layin ya ɓalle ya bar ƙarfe sumul a ƙasa, bai kama ba: ƙara wuta, rage saurin hannu, ka sa wayar a gaban narkakken wurin. In ƙarfen ne ya yage ko ya lanƙwashe waldar na nan, ka samu. Yi wannan duk lokacin da ka canza kauri, kafin ka taɓa kujerar da mutum zai zauna a kai.

Bututun keji yawanci mai farin rufin zinki ne. Hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, kuma madarar da ake cewa a sha ba ta karewa. Gurje rufin a inda za ka yi walda, yi aikin a fili, kanka a gefen hayaƙi, da abin rufe hanci mai lamba P2 ko P3. Hasken MIG na ƙona fata, don haka riga mai dogon hannu ta auduga, ba ta leda ba. Ka kafa falan katako ko kwano tsakaninka da tsakar gida saboda idon yara, ka ajiye bokitin yashi kusa, kuma duk durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kada ka kusance shi da wuta, ko an ce an wanke.